Shin magungunan cutar MS suna hana nakasa bayan shekara goma ko ashirin?

Ɗan Gwale ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida 'yan'uwa baki ɗaya, musamman likitoci da ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, ina kuma neman a taimaka mini da bayani a kan wani al'amari da ya tsaya wa gidanmu a rai.

Ƙanwata, wadda ba ta kai shekara talatin ba, ta fara ne da gani dishi-dishi a ido ɗaya, tare da zafi idan ta juya idon, abin ya lafa bayan 'yan makonni har muka ɗauka ya wuce. Daga baya sai ƙafarta ta dama ta yi nauyi, tana tafiya tana jan ta, kuma daga ƙugu zuwa ƙasa take jin jikin kamar ba nata ba. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, a ƙarshe aka dangana da likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, aka ɗauki hoton MRI na kai da gadon baya, aka ɗebi ruwan laka, aka ce cutar MS ce, wato Multiple Sclerosis, ciwon jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, irin wadda take tasowa ta lafa. An yi mata ƙarin ruwa na 'yan kwanaki, sannan aka ɗora ta a kan allurar intaferon, wadda wani ɗan'uwanmu yake aiko mana da ita daga Masar.

Yanzu ta haura shekara biyu tana wannan allura. Ciwon dai bai sake tasowa ba, amma ƙafar ba ta koma yadda take ba, gajiya ba ta sake ta ba, kuma duk ranar allura sai ta kwana da zazzaɓi da ciwon jiki. Kuɗin maganin kuwa, tun da darajar naira ta faɗi, ya fi ƙarfin albashina, har magana ta kai ga sayar da filin gadonmu. Kawu, wanda shi ne babba a gidan tun rasuwar mahaifinmu, yana ganin abin da aka yi shekara biyu ana tsira mata bai miƙar da ƙafa ba, bai cancanci a sayar da fili dominsa ba.

Abin da nake so in sani shi ne, akwai hujja tabbatacciya cewa wanda ya daɗe a kan waɗannan magunguna, shekara goma ko sha biyar ko ashirin, ya fi wanda bai samu ba lafiya? Ko kuwa tashin ciwon kawai suke ragewa, ita nakasar tana nan tafe a lokacinta? Kuma idan ciwon ya yi shiru, akwai lokacin da ake dakatar da su?

Likita a Tarauni ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya ba ƙanwarka lafiya, ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi. Hukunci a kan maganinta yana hannun likitan da ke duba ta, amma zan faɗa maka abin da bincike ya nuna domin ku je masa da tambayoyin da suka dace.

Ya kamata Kawu ya fara sanin aikin da aka ɗora wa maganin. A cutar MS garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa rigar kitsen da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar gani. Inda ta taɓa sai wurin ya kumbura, saƙo ya kasa wucewa yadda ya saba, daga baya ya bar tabo, wani lokaci ma jijiyar kanta ta mutu. Ƙarin ruwan da aka yi mata yana kwantar da kumburin ne domin a farfaɗo da wuri, ba ya sauya makomar cutar. Intaferon da 'yan'uwansa kuwa aikinsu hana sabuwar ɓarna, kamar yaɓen da ake yi wa katangar ƙasa kafin damina, wanda ba ya mayar da ɓangaren da ya zube bara, amma yana hana ruwan bana cin sauran. Saboda haka nauyin ƙafarta ba shaidar gazawar maganin ba ne. Abin da ake dubawa shi ne ko ciwon ya sake tashi, ko sabon tabo ya fito a hoton MRI, ko kuma tafiyarta tana ƙara lalacewa a hankali.

Gwajin da ya sa Amurka ta amince da intaferon na farko a 1993 ya ƙunshi mutum 372, kuma ya nuna tashin ciwon ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Irin waɗannan gwaje-gwaje shekara biyu zuwa uku ake yin su, alhali cutar ta shekara talatin ko arba'in ce, kuma ba ya halatta a bar mutum shekara ashirin a kan allurar da babu magani a cikinta don kawai a sami abin kwatanci. Shi ya sa hujjar dogon lokaci take fitowa daga bin diddigin waɗanda suka shiga gwajin, da kuma manyan rajistocin marasa lafiya. Da aka nemo mutanen wancan gwaji bayan shekara 21, aka kuwa gano labarin kusan dukkansu, sai aka tarar haɗarin mutuwa a wurin waɗanda suka sami maganin tun farko ya yi ƙasa da kusan rabi a kan waɗanda suka fara da allurar da babu magani, duk da cewa abin da ya raba su 'yan shekarun farko ne kawai.

Akwai wata rajista mai suna MSBase, wadda cibiyarta take Ostireliya, tana tattara bayanan marasa lafiya daga ƙasashe masu yawa. A 2021 an fitar da nazari a kan mutum fiye da 14,000 daga cikinta, aka ga kasancewa a kan magani ya rage tashin ciwo da kusan kashi 40 cikin 100, ya kuma rage haɗarin kaiwa ga dogara sanda da kusan kashi biyu cikin uku. A cikin mutum sama da 1,000 da aka bi shekara 15 ko fiye amfanin bai gushe ba, ko da yake ragin da aka samu a ƙaruwar nakasa ya fi ƙanƙanta, kusan kashi 19 cikin 100. Wani nazarin na 2019 ya duba shiga matakin da kowa yake tsoro, wato lokacin da ciwon yake daina tasowa yana lafawa, ya koma cin jiki a hankali ba tsayawa. Cikin shekara biyar kashi 27 cikin 100 na waɗanda ba su sami magani ba sun shiga wannan mataki, masu intaferon ko gilatirama, wata allura mai sauƙi irinsa, kuwa kashi 12 ne. Da aka kwatanta waɗannan da masu magunguna masu ƙarfi irin su natalizumab da fingolimod, sai aka sami kashi 7 cikin 100 a wurin masu magani mai ƙarfi, a kan kashi 12 na masu mai sauƙi. Kafin zuwan magungunan, bin diddigin da aka yi a Kanada ya nuna kusan rabin marasa lafiya suna buƙatar sanda cikin shekara 15, amma a wani rukuni da aka bi a San Faransisko aka ba da rahotonsa a 2016, bayan kusan shekara 17 da fara ciwo kusan kashi 11 cikin 100 ne suka kai nan.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne batun lokaci da ƙarfin magani. Suwidin da Denmak maƙwabta ne, mutanensu da tsarin lafiyarsu sun yi kama, amma likitocinsu sun bi hanya daban. A Denmak kusan kowa da magani mai sauƙi yake farawa, sai ya gaza a ƙara ƙarfi, a Suwidin kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku da mai ƙarfi suka fara. Da aka kwatanta rajistocinsu a 2021, sai aka ga ƙaruwar nakasa ta yi ƙasa a Suwidin da kusan kashi 29 cikin 100. Shekarun farko, lokacin da kumburi yake kan ganiyarsa kuma mutum yana da ƙuruciya, su ne maganin ya fi yin aiki a cikinsu, kuma a cikinsu ƙanwarka take yanzu.

Sai dai ba zan ɓoye maka iyakar maganin ba. Akwai wata lalacewa da take tafiya a ɓoye ko da ciwon bai tashi ba, kuma magungunan da muke da su ba su da ƙarfi sosai a kanta. Okrelizumab, wanda shi ne na farko da aka amince da shi a 2017 domin nau'in da yake ci gaba tun daga farko ba lafawa, ya rage haɗarin ƙaruwar nakasa da kashi 24 cikin 100 ne kawai. Wasu za su nakasa duk da suna kan magani, amma yawansu ya ragu, kuma ga mafi yawa lokacin yana jinkirta da shekaru.

Hajiya a Dorayi ta amsa:

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba ta lafiya. Ni da wannan cuta nake rayuwa, kuma na daɗe ina fama kafin a gano sunanta, domin a lokacin wasu na cewa iska ce, wasu na cewa sammu, wani ma ya ce shanyewar ɓarin jiki ce ta zo mini da ƙuruciya. Shekarun da na yi babu magani su ne suka bar ni da sandar da nake dogarawa.

Abin da nake so ka isar wa Kawu shi ne, akwai lokacin da kuɗi suka yanke mana na ajiye allurar, kuma da yake ina jin daidai sai na ɗauka na warke. Watanni kaɗan ciwon ya taso ya kama hannuna na dama, har yau ba na iya riƙe allurar ɗinki, alhali da ita nake neman abincina. Ba zan ce haka zai faru ga kowa ba, amma shirun ciwon shi ne ya ruɗe ni, kuma ina ganin shi ne yake ruɗar Kawu. Ku tafi da shi asibiti ranar ganin likita, a nuna masa hoton da idonsa, domin dattijo ya fi yarda da abin da ya ji daga bakin likita a kan abin da 'ya'yansa suka kawo masa gida.

Game da ƙafar kuwa, a kai ta sashen gashin ƙashi, ta kuma riƙa yin motsin da suka koya mata a gida kullum, domin wannan aikinsu ne, ba na allura ba. Zazzaɓin allurar yana sauƙi idan aka yi ta da dare bayan an sha farasitamol. Kuma ku lura da bazara. Daga Maris zuwa Mayu, idan zafin Kano ya tsananta, tsofaffin alamomin sukan dawo mini, gani ya dushe, ƙafa ta yi nauyi, amma da na watsa ruwan sanyi na huta a inuwa sai su ja baya. Likitana ya bayyana mini cewa ba a kiran abu tashin ciwo sai ya wuce awa 24 kuma babu zazzaɓi ko ciwon sanyin fitsari a tare da shi. Sanin wannan ya rage mini fargaba ƙwarai.

Mai harhaɗa magunguna a Fagge ya amsa:

Ina tare da Likita a kan hujjojin, amma a Kano tambayar da take yanke hukunci ita ce wane magani ne gida zai iya ɗauka shekara da shekaru ba tare da yankewa ba. Duk alƙaluman da aka ambata na mutanen da suka zauna a kan magani ne. Fili sau ɗaya ake sayar da shi, cutar kuma tana nan bayan kuɗin sun ƙare, saboda haka kafin a sa hannu a takarda a zauna a lissafa shekara nawa kuɗin za su kai a kan wannan allura, da kuma shekara nawa za su kai a kan wani maganin.

A watan Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa magungunan MS a jerin muhimman magunguna a karon farko, guda uku: kiladiribin, gilatirama da rituksimab. Na ƙarshen shi ne nake so ku tambayi likitanta a kai. Tsohon magani ne, tun 1997 ake amfani da shi a kan wani nau'in kansar jini, kamfanoni da dama suna yin sa yanzu har da na Indiya, kuma yana shigowa Najeriya saboda masu ciwon kansa da masu ciwon gaɓoɓi. Ta ƙarin ruwa ake ba da shi a asibiti, yawanci duk bayan wata shida. Kamfanin da ya ƙirƙiro shi bai nemi a yi masa rajista domin MS ba, amma a Suwidin yana cikin waɗanda aka fi amfani da su, kuma a wani gwaji da suka fitar a 2022 kashi 3 cikin 100 na masu rituksimab ne ciwon ya tasar wa cikin shekara biyu, a kan kashi 16 na masu shan wata ƙwaya da aka saba bayarwa. Ga kuma sauƙin ajiya, domin intaferon yana buƙatar sanyin firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma mun san yadda wuta take a unguwanninmu, balle maganin da ya biyo jakar matafiyi daga Alƙahira.

Yana da nasa sharuɗɗan. Dole ne a yi gwajin ciwon hanta nau'in B kafin a fara, domin yana iya tayar da shi ya yi kisa, kuma ciwon yana da yawa a ƙasarmu. A duba tarin fuka da ƙanjamau, a kuma riƙa auna garkuwar jini lokaci-lokaci, domin daɗewa a kansa yana rage ta. A saye shi ta hannun asibiti ko amintaccen dila, a duba lambar NAFDAC. Fingolimod da natalizumab kuwa, wanda bai da tabbacin samunsu a kai a kai kada ya fara, domin yanke su kwatsam yana iya dawo da ciwon fiye da yadda yake a da.

Malamin ƙididdiga a Kabuga ya amsa:

Likita, ina girmama bayaninka, amma tun da maganar sayar da gado ake yi, ya kamata Malam ya ji raunin waɗannan alƙaluma. A rajista ba ƙuri'a ake jefawa a raba mutane gida biyu ba, likita ne yake zaɓar wanda zai ba magani, kuma wanda jikinsa ya lalace yakan daina sha, sai lalacewar ta hau kan lissafin marasa magani. Masu nazari suna ƙoƙarin gyara wannan da dabarun lissafi, amma ba ya gyaruwa duka. Akwai ma nazarin da aka yi a lardin Biritish Kolombiya na Kanada a 2012, wanda bai sami alaƙa tsakanin intaferon da raguwar nakasa ba. Kwatanta mutanen da da na yanzu shi ma yana da matsala, domin tun 2001 da aka shigar da hoton MRI cikin ƙa'idojin gano cutar ake kama masu sauƙin ciwo waɗanda a da ba za a ƙirga su ba, wanda hakan kaɗai zai sa sakamakon yanzu ya yi kyau. Sannan mafi yawan waɗanda aka yi nazarin a kansu Turawa ne.

Likita a Tarauni ya sake amsawa:

Malamin ƙididdiga, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, musamman batun kwatanta zamani da zamani, wanda shi ne mafi rauni a cikin abin da na kawo. Abin da ya sa na tsaya a kan ra'ayina shi ne hanyoyi mabambanta sun kai wuri ɗaya: bin diddigin shekara 21 ya samo asali ne daga gwajin da aka raba mutane da ƙuri'a, bambancin Suwidin da Denmak kuma na tsarin ƙasa ne, ba zaɓin likita ɗaya ba. Nazarin Kanada a kan intaferon kaɗai aka yi shi, kuma abin da na fahimta daga gare shi shi ne kada a jingina da magani mai sauƙi idan akwai halin mai ƙarfi. Binciken da aka yi a kan baƙaƙen fatar Amurka ya nuna cutar takan fi tsanani a jikinsu kuma intaferon bai cika yi musu aiki kamar Turawa ba, wanda shi ma dalili ne na ƙara ƙarfi.

Maganarka ta ƙarshe ta kai ni ga abin da ya fi gaggawa. Akwai wata cuta mai suna NMO, wadda take kama jijiyar gani da laka kamar yadda aka bayyana ciwon wannan baiwar Allah, kuma a tsakanin mutanen Afirka tana da kaso mai yawa cikin masu irin waɗannan alamomi. Tun 2004 aka gano abin da ake aunawa a jini domin bambance ta, gwajin akwaforin-4, kuma a hoton laka tabonta yakan yi tsawon ƙashin baya uku ko fiye. Intaferon, fingolimod da natalizumab suna iya tsananta ta, rituksimab kuwa yana aiki a kan duka biyun. Ɗan'uwa na Gwale, ka tambaya ko an yi mata wannan gwaji.

Batun dakatarwa kuma, a 2023 an fitar da gwajin da aka yi a Amurka a kan mutum 259 masu shekara 55 zuwa sama waɗanda ciwonsu ya daɗe a kwance. Kusan kashi 12 cikin 100 na waɗanda suka daina sun sami sabon tabo ko tashin ciwo, a kan kusan kashi 5 na waɗanda suka ci gaba. Ga dattijo ana iya tattauna dakatarwa tare da sa ido, amma ga wadda ba ta kai talatin ba, shirun shekara biyu bai isa dalili ba.

Ɗan Gwale ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba takardunta ban ga gwajin akwaforin ba, zan tambayi likitanta a ganin da za mu yi, kuma Kawu ya amince zai bi mu. Saura abu ɗaya, Likita. Akwai maganar aurenta, kuma dangin mijin suna tambaya a kan haihuwa da ko 'ya'ya za su gada.

Likita a Tarauni ya amsa:

Cutar ba ta hana ɗaukar ciki, kuma ba a gadonta kai tsaye yadda ake gadon sikila; haɗarin ga ɗa ya ɗan fi na sauran mutane, amma mafi yawan 'ya'yan masu MS ba sa samun ta. Wani babban nazari da aka yi a Turai a 1998 ya nuna tashin ciwon yana raguwa sosai a watanni ukun ƙarshe na ciki, sannan ya ƙaru a watanni ukun farko bayan haihuwa, kuma ba a ga ciki yana ƙara nakasa a dogon lokaci ba. Intaferon da gilatirama suna cikin waɗanda aka fi natsuwa da su ga mai ciki da mai shayarwa. Fingolimod da kiladiribin ba a ɗaukar ciki a kansu, rituksimab kuma ana tsara lokacin ƙarin ruwan ne ya zama an bar tazarar watanni kafin ciki. Ku sanar da likitanta maganar auren kafin a sauya magani, a kuma gaya wa iyayen gida cewa wankan jego da ruwa mai tsananin zafi yana iya dawo mata da alamomin, saboda haka a surka mata shi.